Zuwa baje kolin fata a Milan da fasfon Najeriya: fasfo, biza da tambayoyin bakin iyaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar fata ne a Kano. Wani kamfanin Italiya da muke ciniki da shi ya gayyace ni baje kolin fata na birnin Milan a watan Fabrairu. Ban taɓa zuwa Turai ba, iyakata Saudiyya da Dubai. Fasfona zai ƙare a ƙarshen Afrilu. Ina so bayan baje kolin in leƙa ƙanena a Faransa, in da hali in ƙarasa Landan. Wani ejan ya ce in ba shi kuɗi ya fito min da biza, ba sai na je ko'ina ba. Me ake buƙata, kuma me zan tarar a filin jirgi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Baje kolin da kake nufi, Lineapelle, ana yin sa sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, a filin baje koli na Rho da ke gefen Milan. Zuwansa ya dace da mai sana'arka, domin Italiya na cikin manyan masu sayen fatar da ake jemewa a Sharaɗa da Challawa. Dalilinka na tafiya mai ƙarfi ne, kuma irinsa ofishin jakadanci ke son gani. Sai dai akwai abu biyu a tambayarka da za su iya ɓata tafiyar tun ba a fara ba: fasfon da ke hannunka, da wannan ejan.

Fasfon tukuna. Italiya da Faransa suna cikin yankin Shengen, ƙasashe 29 da suka ɗauke binciken iyaka a tsakaninsu suka kuma yi tarayya a kan biza ɗaya. Dokarsu ta gindaya wa fasfo sharaɗi uku: a ce an ba da shi cikin shekara 10 da suka wuce, ya kasance da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, sannan ya rage masa wata uku cur bayan ranar da za ka bar yankin. Lura, daga ranar fita ake ƙirgawa. In za ka baro Turai ranar 1 ga Maris, dole fasfonka ya kai 1 ga Yuni da ransa. Naka zai mutu a Afrilu, don haka ko karɓar takardunka ba za a yi ba. Sabunta shi ne aikinka na wannan makon. Hukumar Shige da Fice tana ba da mai shafi 32 na shekara 5 da mai shafi 64 na shekara 10, kuma tun 1 ga Satumban 2025 kuɗinsu a cikin gida naira 100,000 ne da naira 200,000. Ga mai yawan tafiya irinka na shekara 10 ya fi. Kafin ka cike fom, duba sunanka da ranar haihuwarka a lambar NIN, ka tabbata sun yi daidai da na tsohon fasfo, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan mahaifi ya koma gaba a wata takardar, wannan ƙaramin abu yana cinye wa mutane makonni. Tsohon fasfon kuma kada ka yar. Bizar Saudiyya da hatimin Dubai da ke ciki shaida ce cewa kana fita kana dawowa, za ka haɗa da shi a takardunka.

Yanzu batun ejan. Na san inda wannan tunani ya samo asali. A tafiyar Umra mun saba mutum ya miƙa fasfo da kuɗi, bayan kwanaki a kira shi a ce biza ta fito. Bizar Shengen ba haka take tafiya ba. Duk wanda zai nema karon farko sai ya bayyana da kansa an ɗauki zanen yatsunsa goma da hotonsa, a saka su a rumbun bayanan biza da dukkan ƙasashen ke gani. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ne aka ɗauke wa zanen yatsu. Bayan an ɗauka sau ɗaya ana iya amfani da shi har wata 59, sai a lokacin ne wani zai iya miƙa maka takardu ba ka je ba. Kai ba ka taɓa bayarwa ba. Saboda haka wanda ya ce zai fito maka da biza kana zaune a shago, ɗayan biyu ne: ko ya gudu da kuɗinka, ko ya manna maka ta bogi a fasfo. Ta biyun ta fi muni nesa ba kusa ba, domin a bakin iyaka za a ɗora yatsanka a na'ura, a nemi sunanka a rumbun a rasa, kuma a lokacin kai za a riƙe. Babu ejan, babu ma'aikacin cibiyar karɓar takardu, da ke da ikon ba da biza. Jami'in ofishin jakadanci ne kaɗai ke yanke hukunci. Ejan na kirki zai iya taimaka maka da cike fom, kama ɗaki a otal da tsara takardu, wannan halas ne kuma yana da amfani. Amma ka karanta duk abin da ya rubuta kafin ka sa hannu, don sa hannunka ne a ƙasan fom ɗin, kuma duk ƙaryar da ke ciki taka ce a wurinsu.

Wurin da za ka nema kuwa, ƙa'idar ita ce ƙasar da ta zama ainihin maƙasudin tafiyarka, ko wadda za ka fi daɗewa a cikinta. Kai Italiya ce. Tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, kuma ana miƙa takardu ta cibiyar da suka wakilta. Shiga shafin ofishin na intanet da kanka ka ga cibiyar da jerin takardun da suke nema a yanzu, don jerin yakan canza. Kada wani ya ba ka shawarar ka nemi ta wata ƙasa wai ta fi sauƙin fita, sannan ka zarce Milan. Jami'an iyaka sun san wannan dabarar sarai, kuma tana sa a soke biza a filin jirgi.

Irin bizar da za ka nema ita ce ta gajeren zama, mai harafin C, da dalilin kasuwanci. Ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ba ta halatta maka kama aikin albashi. Kuɗinta Yuro 90 ne tun 11 ga Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma in an hana ka ba a mayarwa. Ana iya miƙa takardu tun wata 6 kafin tafiya, kuma bai kamata ya gaza kwana 15 ba. Hukunci a ƙa'ida kwana 15 ne, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45. Abin da ya fi cin lokaci a Najeriya shi ne samun ranar ganawa. Don tafiyar Fabrairu, ni dai ina ganin fasfo ya kamata ya fito kafin ƙarshen Nuwamba, takardu su shiga a Disamba kafin hutun Kirsimeti ya tsayar da komai a ɓangarensu.

Takardun gama-gari ba su da wuya: fom da sa hannu, hoto na kwanan nan mai farin bango, shaidar tikitin zuwa da dawowa, shaidar masauki na kowane dare, da inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai Yuro 30,000, mai aiki a dukkan ƙasashen Shengen, wadda ta haɗa da kuɗin dawo da mara lafiya ko gawa gida. A hoton ka cire hula da tabarau. In wata rana Hajiya za ta raka ka, hijabi ba ya hana, muddin fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi. Tikiti kuma kada ka saya wanda ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Inda nake so mu daɗe shi ne takardun da ke nuna ko kai wane ne, domin a nan 'yan kasuwarmu suka fi faɗuwa. A 'yan shekarun nan sama da kashi 40 cikin 100 na masu neman bizar Shengen daga Najeriya ana hana su, kuma dalilin da aka fi sa wa alama a takardar hanawa bai wuce biyu ba: ba a gamsu da maƙasudin tafiyar ba, ko ba a gamsu cewa mutum zai dawo ba. Jami'in bai san ka ba. Bai san cewa kana da ma'aikata, kana da sito cike da fata, ana girmama ka a kasuwa ba. Takarda kawai yake gani, kuma yana duba ta ne yadda kake ɗaga fata ka haska ta a rana kana neman huda. Kwanan watan da ke wasiƙar gayyata, da na otal, da na tikiti, da na inshora, da abin da ka rubuta a fom, dole su zama magana ɗaya.

Wasiƙar gayyatar ta fito a kan takardar kamfanin, ta faɗi sunanka kamar yadda yake a sabon fasfo, da lambar fasfon, da ranakun zuwa, da abin da za ku yi, da wanda zai ɗauki nauyin masauki. Su haɗo da kwafin rajistar kamfaninsu da ta majalisar 'yan kasuwar garinsu da katin shaidar wanda ya sa hannu. Kamfanonin Italiya sun san wannan, ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Ka yi rajistar shiga baje kolin ka buga shaidar. Daga ɓangarenka, kawo takardar rajistar kasuwancinka ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, shaidar biyan haraji, in kana fitar da kaya da sunanka to takardar rajistar Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki da fom ɗin NXP, wato fom ɗin fitar da kaya da ake cikewa ta banki, na kayan da ka taɓa turawa. In kana cikin majalisar 'yan kasuwa ta Kano, wasiƙarsu tana ƙara nauyi. Abin da ya fi duka daraja a ganina shi ne tsofaffin rasitai da wasiƙun ciniki tsakaninka da wannan kamfani. Su ne ke nuna cewa alaƙar ba jiya aka ƙulla ta don biza ba.

Sai banki. Ɗan kasuwar Kano kuɗinsa a haja yake, ko a hannun mutane bashi, ko a tsabar da ba ta bi ta asusu ba. Sai lokacin biza ya zo ya ga asusun ba nauyi, ya ranto miliyan 20 wurin abokin ciniki ya zuba kwana huɗu kafin a buga sitatimen. Wallahi wannan ya fi asusu mara nauyi illa. Jami'in yana bin watannin baya layi-layi. Asusun da kullum yake juya dubu ɗari uku zuwa ɗari biyar, kwatsam miliyan 20 ta faɗo daga sunan da bai taɓa bayyana ba, ya san aro ne, kuma daga nan ya daina yarda da sauran takardun. Abin da yake nema shi ne kuɗi mai shiga da fita irin na mai sana'a. Kawo sitatimen na asusun kasuwanci da na kanka na watannin da suka nema, da hatimin banki. In akwai babban kuɗi da ya shigo na gaskiya, ka haɗa rasitin cinikin da ya kawo shi. Mafi ƙarancin guzurin da Italiya ta ƙayyade ba shi da yawa: Yuro 269.60 ga zaman kwana 1 zuwa 5, sannan Yuro 44.93 a kowace rana ga zaman kwana 6 zuwa 10. Wannan ƙasan ma'auni ne kawai. Milan a makon baje koli gari ne mai tsada, otal yakan ninka farashi, don haka ka nuna abin da ya fi wannan sosai, ka kuma kama ɗaki da wuri.

Ziyarar ƙanenka kada ka ɓoye ta. Fom ɗin yana tambayar ƙasashen da za ka je, rubuta Italiya da Faransa. In a gidansa za ka kwana, Faransa tana da takardar karɓar baƙo da mai masauki ke karɓowa a ofishin magajin garin da yake zaune, sai ya aiko maka da ita ta asali. In takardun zamansa ba su cika ba, ba zai iya karɓo ta ba, sai ka kama otal a can. Ka tsara kwanakin yadda Italiya za ta fi yawa, misali shida a Milan, uku a Faransa.

Landan kuwa wata duniya ce daban. Birtaniya ba ta taɓa shiga Shengen ba, haka ma Ayalan. Bizarsu daban, kuɗinta daban, ofishinta daban, kuma daga Najeriya za ka neme ta kafin ka tashi. A tafiyar farko shawarata ka bar Landan sai wani karon. In kuwa ka nace, ga tarkon da ke ciki: in bizarka ta shiga ɗaya ce, ranar da ka tsallaka Landan ta mutu, ko da sauran kwanaki a kanta. Ba za ka iya komowa Milan ka kwana ka hau jirginka na gida ba.

Wannan ya kawo mu ga karanta bizar kanta. Ranar da aka dawo maka da fasfo, kada ka tsaya a murna, zauna ka duba. Akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, akwai adadin shiga, 01 ko 02 ko MULT (wato sau ɗaya, sau biyu ko sau da yawa), akwai kuma adadin kwanakin zama. Mutane da yawa suna rikita na farko da na ƙarshe. Za ka iya ganin daga 18 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris, amma kwanakin zama 10. Ma'anarsa kwana 10 kaɗai za ka yi a cikin wannan tsakanin. Ragowar rara ce ta kwana 15 da suke ƙarawa ko da jirgi zai canza. Ranar sauka kwana ɗaya ce, ranar tashi ma kwana ɗaya ce, ko da ƙarfe 11 na dare ka sauka. Duba sunanka da lambar fasfo. In da kuskure, a gyara tun kana gida.

In kuma aka hana, za a ba ka takarda mai jerin dalilai da alama a kan naka. Kana da damar ɗaukaka ƙara, a Italiya a kotun gudanarwa ta yankin Lazio cikin kwana 60, amma sai da lauya a can, kuma kafin a gama baje kolin ya watse. Ga mai irin tafiyarka ya fi sauƙi ka gyara abin da suka nuna ka sake nema don na Satumba. Babu dokar da ta ce sai ka jira wasu watanni. Kada dai ka canza labari, don hanawar farko tana nan a rumbunsu.

To, filin jirgi. Dokar biza ta Turai ta faɗa ƙarara cewa riƙe biza ba ya ba mutum haƙƙin shiga kai tsaye. Ɗan sandan iyaka yana da ikon sake tambayarka komai, kuma yana da ikon mayar da kai. Tun a gida ma'aikatan kamfanin jirgi za su fara dubawa, don in aka mayar da fasinja su ake ci tara kuma su ke dawo da shi. Binciken iyaka ana yin sa ne a ƙasar Shengen ta farko da ka taka. In ka bi ta Alƙahira, Adis Ababa, Doha ko Istanbul, a filin jirgin Malpensa na Milan za a duba ka. In ka bi ta Faris ko Frankfurt, a can za a duba ka, kuma ɗan sandan Faransa ko Jamus ne zai tambaye ka game da tafiyar Italiya. Wannan ba laifi ba ne, bizar Italiya tana shiga ta can, sai dai ka bar tazarar aƙalla awa uku tsakanin jiragen biyu saboda layi.

Tambayoyin gajeru ne. Ina za ka? Me za ka yi? Kwana nawa? Ina za ka sauka? Nawa ke hannunka? Yaushe za ka koma? Ka amsa da abin da ke fom ɗinka, a taƙaice, ba tare da ƙarin labari ba. Kwafin wasiƙar gayyata, shaidar baje koli, takardar otal, inshora, tikitin dawowa da lambar wayar mutumin da ya gayyace ka, duka su kasance a buge a takarda cikin jakar hannunka. Kada ka sa su a akwatin da aka auna, don sai ka wuce ɗan sandan za ka ga akwatin. Kada kuma ka dogara da waya, caji yakan ƙare, intanet yakan ƙi. Ka sanar da mai gayyatarka lokacin saukarka ya bar wayarsa a kunne. Na sha ganin kira ɗaya ya warware abin da ya so ya zama mayarwa. In Turancin ya yi maka nauyi, ka faɗa a fili ka nemi tafinta, ya fi ka amsa e ga tambayar da ba ka fahimta ba, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a fassara maka ba.

Akwai sabon tsari da aka fara ranar 12 ga Oktoban 2025, aka tsara kammala shimfiɗa shi ranar 10 ga Afrilun 2026, mai suna EES. Maimakon hatimi a fasfo, kwamfuta ce ke rubuta ranar shigarka da ta fitarka, a ɗauki hoton fuskarka, a gwada yatsunka da waɗanda ka bayar a Najeriya. Ita ke ƙirga kwanakin, kuma wanda ya zarce ko da kwana ɗaya sunansa zai fito da kansa. Za ka kuma ji ana maganar ETIAS, wani izinin tafiya da ake nema ta intanet. Wannan na 'yan ƙasashen da ba sa buƙatar biza ne, kamar Amurka da Kanada. Bai shafi mai fasfon Najeriya ba, duk wanda ya nemi kuɗinka a kansa damfara ce.

Bayan ɗan sanda sai kwastan. In tsabar kuɗin da ke jikinka ta kai Yuro 10,000 ko kwatankwacinta a kowane irin kuɗi, dole ka bi layin mai jan alama, na masu abin bayyanawa, ka bayyana. Ba haraji za a caje ka ba, rubutawa kawai za a yi, amma in ka ɓoye aka gano ana iya riƙe kuɗin a ci ka tara. A Najeriya ma abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan kafin fita. Tsarabar ƙanenka kuma a yi hattara. An haramta shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga wajen Tarayyar Turai a kayan fasinja. Kilishi, dambun nama, man shanu, duka za a ƙwace a zubar, wani lokaci da tara. Dabino ba ya buƙatar takarda. Samfurin fatar da za ka nuna wa masu saye ya zama jemamme sosai, 'yan ƙyalle kaɗan, da takardar kamfaninka mai nuna cewa samfuri ne ba na sayarwa ba. Ɗanyar fata ko mai gishiri kada ta shiga akwatinka.

Tsakanin Italiya da Faransa babu binciken iyaka na dindindin, amma 'yan sanda sukan shiga jirgin ƙasa su duba, don haka fasfo ya kasance a jikinka kullum. Italiya tana kuma da dokar sanar da zuwa: wanda ya shigo ta wata ƙasar Shengen sai ya sanar da ofishin 'yan sanda cikin kwana 8. In a otal ka sauka, rajistar da suka yi maka da fasfo ta wadatar.

Ka fita kafin kwanakinka su cika, ko da ciniki bai ƙare ba, ko da ƙanenka ya roƙe ka ka ƙara mako. Zarce wa'adi yana jawo tara, yana iya jawo haramcin shiga dukkan ƙasashen 29 na shekaru. Dokar kuma ta tanadi lada ga mai kiyayewa: wanda ya karɓi biza uku cikin shekara biyu ya yi amfani da su daidai, ana iya ba shi ta shekara ɗaya mai shiga da yawa, daga ita ta shekara 2, daga ita ta shekara 5, in fasfonsa ya kai. Mai zuwa baje koli Fabrairu da Satumba zai iya cika ukun nan cikin shekara ɗaya da rabi, wannan ma wani dalili ne na karɓar fasfo mai shekara 10. Ajiye katin shiga jirgi da rasitin otal na wannan tafiyar, za su yi maka amfani a nema na gaba. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya sa a ƙulla ciniki mai albarka.